Gidan gado a Agege: a bar wa ejan ko a miƙa wa kamfanin intanet?

Magajin Gida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga mu shiga harkar haya. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara, ya bar gida biyu a nan Ikko. Ɗaya a Agege, ba nisa da gadar Pen Cinema, ɗaki goma sha biyu, irin na ɗaki-ɗaki ɗin nan da ake haɗa banɗaki da madafa. Ɗayan fulat huɗu ne a Ikorodu, wajen Agric. Ba a raba gado ba tukuna saboda akwai ƙanana, an dai wakilta ni in riƙa karɓar haya ina rabawa. Ni kuma aiki ya mayar da ni Kano, sai in yi wata uku ban leƙo ba. Ejan ɗin da Baba ke hulɗa da shi tun ina firamare shi ke karɓa, yana cire kashi 10. Ban kama shi da ha'inci ba, amma kuɗi ba sa zuwa a kan lokaci, in na nemi lissafi kuma sai ya turo min hoton wani tsohon littafi da ko rubutun ciki ba na iya karantawa. Yayyena mata sun fara yi min wani irin kallo da ba na so. To ga shi na ci karo da tallan wani kamfani a Instagram, sun ce kashi 4 kacal za su ɗauka, komai a manhaja, ina zaune a Kano ina ganin wanda ya biya da wanda bai biya ba. Wa ya taɓa gwada irinsu?

Mai Albasa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Magaji, araha ba ta ado. Kashi 4 ɗin nan na me da me ne? Ka tambaye su, ranar da sokawe ya cika ya fara malala a tsakar gida, ɗan haya ya buga waya ƙarfe sha ɗaya na dare, wa zai zo? Manhajar ce za ta zo?

Hajiya Babba: Mai Albasa, kai dai ba ka raina abin tsokana. Ɗana, ni na gwada, kuma shekarata ta uku ke nan da su. Fulat uku ne da ni a Sangotedo, bayan Ajah. Da can ejan ne ke riƙe da su. Abin da ya raba mu, sai da wata 'yar haya ta zo yi min sallama za ta tashi, a cikin hira ta faɗi abin da take biya, na ji ya ɗara abin da ake kawo min da dubu ɗari biyu. Shekara biyu ana haka ban sani ba. Da na tare shi sai ya ce ai ƙarin na wahalarsa ne. Tun daga nan na koma kamfani. Abin da nake jin daɗi: kafin su sa mutum a gidana sai sun duba lambarsa ta NIN, sun kira inda yake aiki, sun karɓi mai tsaya masa. Yarjejeniya a rubuce, ni da ɗan haya kowa da tasa. Saura wata uku haya ta ƙare suna fara tuna masa. Rasit kuwa ko ina Madina na buɗe waya zan gani. Amma kada in ruɗe ka, 'yan hayata ma'aikatan banki ne da wani likita, mutanen da albashi ke shigo musu ƙarshen wata, kuma da kansu suke son komai ta waya. Ban san yadda abin zai kasance da mai ɗaki ɗaya a Agege ba.

Injiniya: Hajiya ta faɗi gaskiya a ƙarshen maganarta, kuma nan ne gizo ke saƙa. Bari in ba da nawa labarin, don ni ma na faɗa wa irin wannan kamfani da murna, nasu kashi 5 ne. Gidana a Igbogbo yake, can cikin Ikorodu, ni kuma ina aiki a Abuja. Wata takwas na farko lafiya lau. Sai cikin damina sumo, wato injin jan ruwan bohol, ya ƙone. Ɗan haya ya shigar da ƙorafi a manhaja ranar Litinin. Aka ba shi lamba, aka ce ana dubawa. Laraba suka turo min saƙo wai in amince a tura mai duba aiki, kuɗin zuwansa kawai dubu ashirin. Na amince. Yaron da aka turo daga wajen Lekki ya taso, bai iso ba sai la'asar ɗin Juma'a, ya leƙa rijiyar bohol ɗin, ya ɗauki hoto, ya juya. Litinin ta gaba aka turo min lissafin gyara. Na kira wani mai gyaran famfo da na sani a Ebute na karanta masa, sai da ya yi dariya, ya ce shi rabin haka zai yi har da sayen sabon sumo. A ƙasan lissafin kuma ga nasu kashi 10 na lura da aiki, ga harajin VAT kashi 7.5 a kai. Kwana tara gidan ba ruwa. 'Yan haya suka riƙa sayen jarka a wajen 'yan ga-ruwa, 'yan uwanmu dai, suka tara kuɗin suka ce sai an cire musu a haya. Da na lissafa abin da na kashe a shekarar, kashi 5 ɗin ya tashi kusan 13. Ban ce duk haka suke ba. Amma ka nemi su ba ka jerin kuɗaɗensu gaba ɗaya a rubuce: na sa talla, na kai mutum ganin gida, na sabunta yarjejeniya, na gyara, na lauya in an je kotu. Abin da suke rubutawa da manyan baƙaƙe a talla kuɗin karɓar haya ne kawai.

Injiniya: Na manta abu ɗaya, kuma shi ya fi muhimmanci. Ka tambaya ina kuɗin ke fara sauka. Nawa a asusunsu yake shiga, sai bayan kwana goma sha huɗu su turo min. Da na yi tunani sai na ga in kamfanin ya rufe ƙofa gobe, ofishinsu ma ban taɓa takawa ba, wa zan kama?

Hajiya Babba: Nawa kai tsaye yake shigowa asusuna, su kuma su turo min takardar nasu kason in biya. Da farko ba su so ba, na ce in ba haka ba a fasa.

Barista: Allah ya gafarta wa Baba. Magaji, kafin a kai ga zaɓen wane ko wane, akwai abubuwan da doka ta ɗora a wuyanka kai mai gida, ko wa ka wakilta. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda aka sa wa hannu zamanin Fashola, ta shafi Agege da Ikorodu duka. Wuraren da aka keɓe su ne Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA. A ƙarƙashinta laifi ne a karɓi hayar da ta wuce shekara ɗaya a gaba, mai biyan wata-wata da ke zaune a gidan kuma ba a karɓar fiye da ta wata shida a hannunsa. Ba da rasit wajibi ne. In kana so mutum ya tashi, mai biyan wata notis ɗin wata ɗaya, mai biyan wata uku ko wata shida notis ɗin wata uku, mai biyan shekara wata shida, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara masa na kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Cire ƙofa, ɗaye kwanon rufi, yanke wuta ko ruwa don a kori mutum, duk laifi ne da ke iya kai wa ga tara ko ɗauri. Na jero wannan ne saboda ɓangarorin biyu kowa da inda yake tuntuɓe. Ejan na unguwa shi ne zai ce maka bari kawai ya kira yara su fitar da kayan mutum, ka wayi gari da sammaci. Kamfanin intanet kuma zai turo wa ɗan haya notis ta imel da manhaja ta haɗa, kwanan wata ba daidai ba, a je gaban majistare a ce a koma a sake daga farko, wata shida sun tafi a banza. Sannan duk wanda za ka ba gidanka, mutum ne ko kamfani, ka nemi shaidar rajistarsa da LASRERA, hukumar jiha mai sa ido kan dillalan gidaje. Ana iya dubawa a shafinsu. Gwamnati ta sha nanata cewa la'adar ejan kada ta wuce kashi 10 na hayar.

Mai Albasa: Barista, in aka ce sai mai rajista, ai rabin ejan ɗin Mile 12 sai su koma sayar da tumatir tare da mu.

Dillalin Idi-Araba: To tunda ana ta yanka mu, bari wanda ke cikin sana'ar ya ce wani abu. Shekarata goma sha tara ina wannan aiki tsakanin Idi-Araba da Mushin. Ba zan kare kowa ba, akwai ɓata-gari a cikinmu, har da masu karɓar kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya su kashe waya. Amma Magaji, gidan ɗaki goma sha biyu ba fulat ba ne. Ka san yadda ake karɓar haya a irin wannan gida? Mai shayi zai ba ka dubu talatin yau, ya ce saura in an kwana biyu. Ɗan acaba tun da aka hana su aiki a wasu ƙananan hukumomi a 2022 abin nasa sai a hankali. Mahauci a Oko-Oba kuɗinsa na zuwa ne da Sallah. Matar da ke soya ƙosai a bakin ƙofa kullum take tarawa a adashi, sai ranar kwasarta. Kowa ka san ranar da ake samunsa da kuɗi, ka je a ranar, in ka makara da kwana biyu an kashe. Ejan ɗin Babanku mai yiwuwa sai ya tattara guntu-guntu sun cika sannan ya turo maka, shi ya sa kake ganin jinkiri. Bayan haka akwai taron masu gidaje na layi, inda ake yanka kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransifoma, da Yarabanci ake yinsa, in ba ka da wakili a wurin a yanka maka abin da aka ga dama. Ga masu kwasar shara na LAWMA da takardarsu. Ga rigimar wa ya bar banɗaki da datti, wa ya jona hita a layin wani. Jiya-jiyan nan sai da na yi awa biyu ina raba mata biyu a kan igiyar shanya. Wannan duk a cikin kashi 10 ɗin yake. Kamfani ba zai yi ba, ko ya so, don yaron da za su turo bai san kowa a layin ba, kuma wata uku an canza shi.

Maman 'Yan Biyu: Malam Dillali, Allah ya ƙara maka albarka in haka kake yi. Amma ni abin da na gani daban. Bayan rasuwar maigidana ina cikin takaba, ejan ɗinsa ya sa sababbin mutane biyu a gidanmu na Ijora. Ya ce min shekara ɗai-ɗai suka biya. Da shekara ta zagayo na aika ƙanena karɓar haya, mutanen suka fito da rasit na shekara biyu, da sa hannunsa da hatiminsa. Mutum ne da yake cin abinci a gidanmu, yarana suna ce masa Kawu. Na kai ƙara wajen manya, aka zauna, ya rantse, ya yi kuka, aka ce in yi haƙuri zai biya a hankali. Har yau dubu tamanin na gani. Don haka ni ba na cewa kamfani ya fi, ina dai cewa sabo ba shi ne amana ba. Magaji, ka je da ƙafarka ka tambayi kowane ɗan haya nawa yake biya, yaushe ya biya na ƙarshe, ya nuna maka rasit. Kada ka aika kowa.

Barista: Maman 'Yan Biyu, irin wannan ba lallai sai kotu ba. Akwai cibiyar sasanci ta Citizens' Mediation Centre a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta suke yi, kuma rigimar haya na cikin manyan abubuwan da suke saurara. Abin da aka amince a can a rubuce yake da sa hannu, ba kamar zaman zaure da ake tashi da "Allah ya ba da haƙuri" ba. Ki same ni ta gefe.

Ɗan POS: Iyayena, a yi min afuwa in sa baki, ni ne ƙarami a nan. Yaya Magaji, ni a ganina abin da ke damunka lissafi ne, ba ejan ba. Lissafi kuwa ba sai ka biya kowa kashi 4 ba. Ka buɗe asusu daban da sunan gidan kawai, kada kuɗinka ko sisi ya shiga ciki. Kowane ɗan haya ya biya can, ya rubuta lambar ɗakinsa a bayanin tiransifa. Wanda ba ya harka da banki ya miƙa wa mai POS, ai a Agege ba ka yin taku ashirin ba ka ga laimarmu ba, ya riƙe 'yar takardar. Ko dubu biyar mutum ya samu ya jefa, alat ya shigo maka a Kano. Ƙarshen wata ka ciro bayanin asusu daga banki ka tura zauren WhatsApp na gidanku, yayyenka su gani da idonsu. Ejan kuma ya ci gaba da zirga-zirgarsa, ya bi mutane su biya, amma kuɗi ba ya bi ta hannunsa. Kai za ka tura masa kasonsa. Haka na tsara wa kawuna a Alaba Rago, shekara biyu ke nan ba a sake jin kansu ba.

Dillalin Idi-Araba: Yaro ya yi magana. Ni gidaje huɗu cikin waɗanda nake riƙewa haka muke yi, kuma wallahi ya fi min kwanciyar hankali. Ejan ɗin da ya ƙi wannan tsari, to a bincike shi.

Dattijon Oko-Oba: Assalamu alaikum. Jikana ne ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Magaji, na san irin gidajen da kake faɗa, mu muka ga lokacin da ake gina su. Abu biyu zan gaya maka. Na farko, dukiyar da ke hannunka akwai haƙƙin marayu a ciki, ba taka ba ce da za ka yi kara da ita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka neman lissafi a rubuce ba rashin kunya ba ne, kada kowa ya sa ka ji nauyi. Na biyu, mutumin da ya yi shekara talatin da mahaifinka ba a sallamarsa ta waya. Akwai abin da ya sani wanda babu shi a takarda: inda iyakar filin ta tsaya, da wa aka yi shaida ranar da aka saya, wane gida cikin 'yan ƙasa masu filin aka biya, wa aka taɓa yin shari'a da shi. Ranar da wasu samari suka zo suka ce filin kakansu ne, kamfanin waya ba zai san amsar da zai ba su ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka zo, ka je gidansa da goronka, ka gaishe shi a matsayin uba, ka ce magada sun matsa maka, ka roƙe shi ya taimake ka a gyara tsari. Ka zauna ya karanta maka littafin nan shafi-shafi, kana kwafa.

Magajin Gida: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na gode kowa da kowa. Tun da Maman 'Yan Biyu ta yi maganar rasit jikina ya yi sanyi, sai na kira ejan ɗin bayan Magariba, muka yi kusan awa ɗaya. Abubuwan da na ji ban taɓa sani ba. Ɗaki huɗu a gidan Agege har yanzu kuɗin da Baba ya yanka musu shekaru shida da suka wuce suke biya, ya ce Baba ya hana a ƙara musu. Akwai wata tsohuwa Bayarabiya a ɗakin ƙarshe, tun rasuwar mijinta Baba ya yafe mata haya, shi kuma ejan ya ji nauyin gaya mana, sai yake rubuta ta a cikin masu bashi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wuta: gidan ba mita mai kati, Ikeja Electric kiyasi suke kawowa, kuma akwai tsohon bashi a kai da yake ta biya kaɗan-kaɗan daga cikin haya ba tare da ya rubuta ba. Takardar harajin gida da fili, wato Land Use Charge, ta bana ma tana wurinsa.

Injiniya: Maganar mita kada ka bari ta kwana.  Ka nemi mita mai kati, in da hali fulat ɗin Ikorodu kowanne da tasa. Na Agege kuma ko guda biyu ne a raba layi, su riƙa haɗa kuɗi suna saye.

Hajiya Babba: To ɗana, ga yadda na gani. Agege ka bar wa tsohon, da tsarin da Ɗan POS ya faɗa. Ikorodu kuma, tunda fulat ne, kuma daga Agege zuwa can tafiya ce ta rabin yini in hanyar Mile 12 ta cushe, ba mamaki shi kansa ba ya zuwa sosai. Can za ka iya gwada kamfani shekara ɗaya. Sharuɗɗa uku: kuɗi ya sauka a asusunku kai tsaye, gyaran da ya wuce wani adadi sai da izininka kuma kana da damar kawo naka mai gyara, sannan ka iya fita da notis ɗin wata ɗaya ba tara. Ka je ofishinsu ka ga fuskar mutum. Ka ce su haɗa ka da mai gida biyu da suke yi wa aiki a Ikorodu ɗin, ba a Lekki ba. In sun fara kame-kame ka san ba su da kowa a yankin.

Barista: Ƙari a kan na Hajiya: tunda ba a raba gado ba, ka samu takardar wakilci da sa hannun manyan magada kafin ka sa hannu da kowane kamfani. Batun tsohuwar kuma ba kai kaɗai za ka yanke ba, a tambayi malami yadda za a yi da kason ƙananan, manya kuwa kowa na iya yafe nasa.

Mai Albasa: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsar sokawe ba.

Magajin Gida: Ai kamar ka sani, Alhaji. Ejan ya ce na Agege ya kusa cika, ba zai kai ƙarshen damina ba. Juma'a zan shigo in sha Allah, zan kwana biyar. Wa ya san masu motar kwasa na kirki a wajen Agege ko Dopemu, waɗanda ba za su zuƙe rabi su ce sun gama ba?

Mai Albasa: Na tura maka lamba ta gefe. Ka ce mai albasa na Mile 12 ne ya turo ka. Kada ka ba da ko kwabo sai mota ta tsaya a ƙofar gida, kuma ka sa a zura gora a ramin kafin su fara da bayan sun gama.